Ƙurajen da tafin hannuna ya riga idona gani

Sana'ata ɗinki. Shekara goma sha huɗu ke nan ina taka keke a cikin gida, nan cikin garin Bauchi, kuma da keken nan nake taya maigidana riƙon yara huɗu da mahaifiyarsa, Inna, wadda take zaune tare da mu. Duk wanda ya san ɗinki ya san jarin tela yatsunsa ne. To ciwon da zan ba ku labarinsa, yatsun ya fara kamawa.

A watan Agusta ne, damuna ta kankama, irin lokacin nan da ruwa kan yini ya kwana bai ɗauke ba. Na karɓi ankon wani biki, kala goma sha takwas, an ba ni mako biyu. Ranar wata Talata bayan la'asar ina tsaka da ɗinki sai na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya. Kafin a kira magariba jikina ya ɗauki zafi rau, kaina kamar ana sara da gatari. Na ce maleriya ce. Kowa ma abin da ya ce ke nan, domin a wurinmu zazzaɓin damuna sunansa ɗaya.

Da asuba na san ba irin wanda na saba ba ne. Na miƙa hannu zan ɗauki buta, yatsuna suka ƙi rufewa a kan mariƙinta. Wuyan hannuna ya kumbura, idon sawuna biyu kamar an buga musu ƙusa. Da na taka ƙasa sai da na yi ƙara. Daga bakin gado zuwa ƙofar ɗaki a duƙe na je, ina dafa bango, kamar tsohuwa 'yar shekara casa'in, ni da ban cika arba'in ba. Maigida ne ya zuba mini ruwan alwala, a zaune na yi salla. Na haihu sau huɗu, na sha maleriya ba adadi, amma ban taɓa jin ciwon da ya bi gaɓoɓina ɗaya bayan ɗaya kamar yana ƙirga su ba.

Gari na wayewa maigida ya tafi kemis. Ya dawo da ƙullin magunguna a leda, irin wanda ake cewa haɗi, da wani yaro da ya zo ya yi mini allurar maleriya. Ba a ɗebi jinina ba, ba a gwada komai ba. Kwana uku ana allura. Zafin ya ɗan sassauta, gaɓoɓin kuwa ko gezau. A rana ta uku autata, 'yar shekara shida, ita ma ta kwanta.

A daren kwana na huɗu ƙaiƙayi ya tashe ni. Ƙirji, ciki, damatsa, har tafin ƙafa. Na haska da fitilar waya ban ga komai ba. Ni baƙa ce sosai, haka ma yarinyar. Duk abin da na taɓa ji game da irin waɗannan ƙuraje shi ne wai jiki yana yin ja, ni kuwa jan nake nema, ban same shi ba. Sai da yarinyar ta farka tana kuka tana susa, na sa hannu a cikin rigarta ina shafa mata baya don ta koma barci. Nan na ji su. Ƙanana, birjik, kamar an watsa gero a ƙarƙashin fata. Na mai da tafin hannun kan ƙirjina, na ji irinsu sak. Da safe na fito da ita tsakar gida, na juya bayanta ga rana, sai ga su: ba ja ba ne, wuraren sun ɗan fi sauran fatar duhu, wasu a shafe, wasu sun ɗan taso. A tafin hannunta da tafin ƙafarta kaɗai ake iya ganin ja-ja.

Inna ta duba ta ce, “Baƙon dauro ne. Kada a sa mata ruwa, a lulluɓe ta ya gama fitowa.”

Na ce, “Inna, ai an yi mata allurar ƙyanda tun tana wata tara, katin yana nan. Ni kuma kin san na yi tawa tun ina yarinya.”

Ta ce, “To ke wa ya ce miki baƙo yana duba kati?”

Maƙwabta suka shigo dubiya, kowa da nasa. Wata ta ce borin jini ne, wata ta ce allurar ce ba ta karɓe ni ba, wata ta ja ni gefe ta ce in yi tunani, ɗinkin bikin nan akwai waɗanda suka so a ba su. Aka kawo mini jiƙo kala biyu da wani gari da za a kwaɓa a shafa. Ban ga laifin kowa ba, ƙauna ce ta kawo su. Amma na lura da abu ɗaya: kowa yana ba da magani, babu wanda ya tsaya ya dubi ƙurajen da kyau.

Allah ya taimake ni da ƙanena, ma'aikacin jinya ne a Azare. Ya kira da azahar don ya ji jiki. Da na gaya masa zazzaɓi, da gaɓoɓi, da ƙuraje, da kuma cewa yarinya ma ta kamu, sai ya yi shiru. Ya ce a karanto masa sunayen magungunan da ke cikin ledar. Babban ɗana ya karanto. Da ya zo kan diklofenak sai ya katse shi.

“Yaya, don Allah ki ajiye wannan. Kada ki ƙara sha, kada a ba yarinya. Haka ibufurofen, haka asfirin. Farasitamol kaɗai, shi ma yadda aka rubuta.”

Na ce, “Ai shi ne kaɗai yake ɗan sassauta mini ciwon.”

Ya ce ya sani. Amma akwai zazzaɓin da ake kira dengi, wanda farkonsa kusan iri ɗaya ne da abin da nake faɗa, shi kuma yana rage ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini. Waɗannan magungunan suna ƙara buɗe ƙofar zubar jinin, musamman a ciki. Sai an tabbatar ba dengi ba ne ake yarda a sha su. Ya tuna mini cewa a ƙarshen 2023 NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ta tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato, saboda haka ba ciwon wata duniya ba ne. Ya ce, “Gobe da sassafe ku tafi asibiti ke da ita. Kuma kada ki shafa komai a jiki, ki bar likita ya ga fatar yadda take.”

Likitar da muka samu mace ce, ba za ta wuce sa'ata ba. An fara da gwajin maleriya, na ɗigon jini a yatsa, ni da yarinyar duka babu. Allurar kwana uku ta tafi a banza ke nan. Sai ta tashi daga kujerarta ta kai mu bakin taga. Ta shafa bayan yarinyar da tafin hannu, daidai yadda na yi cikin dare. Ta duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin baki, dasashi, ta ja fatar ido ta leƙa. Ta ɗauko wani ɗan gilashi ta danna a kan ƙurajen, ta ce in matso in gani: da ta danna sai su dushe, da ta ɗaga sai su dawo. Ta ce wannan alama ce mai kwantar da hankali. Waɗanda ake tsoro su ne ɗige-ɗige kamar tsinin allura da ba sa ɓacewa in an danna, domin su jini ne ya tsattsafo a ƙarƙashin fata. Ta ce a gida ma kofin gilashi yana yin wannan aikin, kuma a baƙar fata a fi dubawa a tafin hannu, cikin damtse da cikin baki.

Tambayoyinta ma ilimi ne. Akwai tari, mura, jan ido mai kwantsa? Babu. Ta ce ƙyanda da su take zuwa, ƙurajenta kuma daga bayan kunne da fuska suke farawa su gangaro. Ƙurajen suna ɗurar ruwa? A'a, da ƙarambau za a fara zato. Idonmu ya yi rawaya? Mun je wajen Alkaleri ko Yankari kwanan nan? Ta ce tana tambaya ne saboda cutar shawara da ta ɓarke a 2019, wadda aka gano tushenta a can. Akwai ɓeraye a gida, akwai ciwon maƙogwaro? Wannan kuma don zazzaɓin Lassa ne, wanda mu mutanen Bauchi mun san shi duk rani. Wuya yana sanƙarewa? A'a.

Daga nan ta ce in tashi in taka zuwa ƙofa. Na taka a duƙe. Ta ce abin da ta fi zato shi ne wata cuta mai suna cikungunya. Na ce ta maimaita. Ta maimaita, ta ce kalmar daga harshen Makonde take, mutanen kudancin Tanzaniya, inda aka fara gane cutar a 1952, kuma ma'anarta abin da ke tanƙwara mutum. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Kwana biyar ina fama da abin da ba shi da suna, har an fara sa mini zargin mutane a zuciya, ashe wasu bayin Allah a can wata ƙasa sun ga irin tafiyata tun kafin a haifi uwata, har sun raɗa mata suna.

Ta ce ƙwayar bairos ce, don haka maganin maleriya ba ya taɓa ta, kafso ma ba ya taɓa ta. Babu wani magani da ke kashe ta kai tsaye, jiki ne ke yaƙarta, mu namu mu tallafa masa. Kuma ba baƙuwa ba ce a Najeriya, ta taɓa ɓarkewa a Ibadan a 1969. Abin da ya sa ba a jin sunanta shi ne duk zazzaɓi maleriya muke ce masa, mu sha magani, in Allah ya sa an tashi shi ke nan. Ta ɗebi jininmu kashi biyu: ɗaya don a ƙirga ƙwayoyin jini a ranar, ɗaya kuma za a aika wani ɗakin gwaji a wajen jihar.

Abin da ta fi nanatawa shi ne kwana biyun da ke bin saukar zazzaɓi. Ta ce in dengi ne, a lokacin da mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, a nan hatsarin yake. In aka ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko haɓo, ko jini a dasashi, ko baƙin bayan gida, ko yaro ya yi laushi ya ƙi shan komai, ko hannu da ƙafa su yi sanyi, to ko tsakar dare ne a taho. Ta sa muka koma bayan kwana biyu aka sake ƙirga jinin. Alhamdu lillahi, bai faɗi ba.

Jinyar ƙurajen a gida ba ta da tsada, sai dai tana son haƙuri. Sai da na roƙi Inna kafin ta yarda a yi wa yarinyar wanka. Na ce, “Inna, likita ta ce zafi da gumi ke ƙara ƙaiƙayin. Ki bari mu gwada sau ɗaya.” Ruwa mai ɗan sanyi, ba soso, ba sabulu mai ƙamshi, a tsane jiki da zane ba tare da gogewa ba. A daren ta yi barcin da ba ta yi ba kwana uku, Inna da kanta ta ce a ƙara. Na yanke mata farce ƙasa-ƙasa, domin susa ce ke buɗe fata ƙwayoyin cuta su shiga, ƙurji ya koma gyambo. Na cire mata duk wata riga mai santsi irin ta leda, na sa mata tsohuwar atamfa da ta sha wanki. Muna shafa kalamin, farin ruwan nan da ke bushewa kamar alli, da dare kuma akwai maganin ƙaiƙayi da likita ta rubuta daidai nauyinta. Sai ruwa, kunu, romo, kankana, duk abin da zai shiga. Cikin mako guda ƙurajen suka kwanta. Bayansu fatar tafin hannu da ta ƙafa ta yi ta saɓa, nan kuma man kaɗanya ya yi mana rana.

Akwai umarnin da ya ba ni mamaki: wai mu riƙa kwana cikin gidan sauro har da rana, tsawon makon farko. Na ce ai mun riga mun kamu. Ta ce don sauran mutanen gida ne. Cutar ba ta bin taɓawa ko numfashi ko cin abinci kwano ɗaya. Sauro ne ke cizon mai ciwo a kwanakin da ƙwayar ke yawo a jininsa, bayan 'yan kwanaki ya kai wa na kusa. Mun makara. Kwana shida bayan kwanciyata Inna ta kwanta, ita da ke da hawan jini da shekaru sama da saba'in. Ita ta fi mu shan wuya nesa ba kusa ba. Kwana huɗu ta yi a gadon asibiti, kuma har yau gwiwoyinta ba su koma daidai ba. Likita ta ce tsofaffi, da masu ciwon suga ko hawan jini, da jariran da aka haifa uwa tana cikin zazzaɓin, su ne cutar ta fi yi wa illa. Idan na tuna Inna ce ke zama a gefena tana yi mini fifita da rana, ƙafafunta a waje, sai zuciyata ta karye.

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Ni mace ce mai kula da gidan sauro, ko wane gado a gidana yana da nasa, ba a kwanciya sai an soke shi. Ashe sauron da na yi shekaru ina yaƙa na dare ne, mai kawo maleriya. Wannan dabam ne. Likitoci suna ce masa Aedes, baƙi ne ƙarami mai ɗigon fari a ƙafafu kamar an yi masa zane, kuma da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar. Shi ne dai mai ɗauko dengi, da shawara, da Zika. Yana son ƙafa da idon sawu. Ni kuwa daga safe zuwa yamma ƙafafuna suna ƙarƙashin keke, wuri mai duhu, ga tarin yadi. Na sha jin cizo ina kaɗe ƙafa ina ci gaba da taka keke.

Ƙanena da ya zo dubiya bai zauna ba sai da ya zagaya gidan. Ya ce wannan sauron ba ruwansa da kwata, ruwa mai kyau yake so, wanda ya kwanta a cikin mazubi, kuma ba ya nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi. Ya buɗe randar da ke bayan ɗaki, wadda muke tara ruwa saboda ranar da famfo ya ɗauke, ya haska fitila. Ga su nan, 'yan tsutsotsi suna ta wutsil-wutsil. Ya duba duro, ya duba kaskon kaji, ya duba gwangwanayen da yara ke wasa da su. Sannan ya sa tsani ya hau rufi. Tayoyi biyar maigida ya ɗora a kan kwano tun wata iska da ta taɓa yaye mana rufi. Kowace cike take da ruwan sama. Ya kira maigida ya ce, “Yaya, hau ka gani da idonka.” Maigida ya hau, ya daɗe a can bai ce komai ba. A ranar ya sauke su, ya sa aka zo aka ƙara ƙusa, aka ɗora duwatsu.

Ƙanena ya koya mini cewa zubar da ruwa kaɗai bai isa ba. Ƙwan sauron yana manne wa jikin randa daga ciki, yana iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kuwa kwana bakwai zuwa goma ne. Don haka duk mako sai an juye, an dirje cikin da soso, an rufe da murfi mai kamawa. Na ɗinka wa randunan da duron marufi da ragowar tsohon gidan sauro, na sa roba a baki. Shi ne ɗinki na farko da na iya yi bayan ciwon, kuma ya ɗauke ni yini biyu.

Bayan mako uku sakamako ya dawo: cikungunya ce, ni da yarinyar. A lokacin wani abu ya sake tayar mini da hankali. Karan hancina da kumatuna suka yi baƙi ƙirin, kamar an shafa gawayi. A nan na yi kuskuren da nake so kowace mace ta ji. Kunya ta hana ni fita, wata ta kawo mini man shafawa na haɗi, irin na masu bilicin, ta ce kwana bakwai zai goge. Na shafa kwana biyar. Fuskar ta yi zafi, ta feso da wasu ƙuraje sababbi, wurin ya ƙara duhu. Da na koma, likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce baƙin hancin nan sananne ne bayan cikungunya, musamman ga masu duhun fata, kuma da kansa yake washewa a hankali. Irin wannan man yana da sinadarin da ke sa fata ta yi sirara. Ta ce in daina, in rage shiga rana, in bar wa lokaci. Wata uku ya ɗauka.

Ankon kuwa na mayar, kala shida kawai na gama. Uwar amarya ta zo da fushi, da ta ga hannuna sai ta zauna ta yi mini addu'a. Gaɓoɓin su ne suka daɗe. Yarinyar cikin kwana goma ta koma tsalle-tsallenta, ni wata biyar ina tashi da yatsu a sandare. Bayan an tabbatar ba dengi ba ne likita ta ba ni maganin kumburin gaɓoɓi na ɗan lokaci, ta ce in riƙa motsa su cikin ruwan ɗumi da safe, kada in bar su su kwanta. Sai in zauna da kwano a cinya ina buɗe hannu ina rufewa, ina salati. Zura zare a allura, abin da nake yi ido rufe, sai da na riƙa kiran yara su yi mini. Ranar da na zura da kaina na yi sujadar godiya a gefen keken.

Makon jiya maƙwabciyata ta shigo da ɗanta a kafaɗa, jikinsa zafi, ta ce, “Maman yara, duba mini, ko irin naku ne.” Na fito da shi rana, na shafa bayansa, na danna kofin gilashi a damtsensa. Amma yaron yana tari, hanci na zuba, idanunsa jajir da kwantsa, ƙurajen kuma sun fi yawa a bayan kunne da goshi. Na tambaye ta katin rigakafi, ta sunkuyar da kai. Na ce kada ta ba shi komai sai farasitamol, kada kuma ta kai shi cikin yara. Na rufe keken, na ɗauki mayafina, na aiki babban ɗana ya tsayar mana da Keke Napep a bakin titi.